Tsokaci a kan Ƙamusun Bargery a Hannun Ɗalibi Mai Bincike

A ɗakin karatu, kusan duk ɗalibin Hausa da ya shiga sashen littattafan da ba a fita da su, ƙamusun G. P. Bargery yake fara ɗaukowa. An buga shi a 1934, kuma yana ɗauke da kalmomi kimanin 39,000. Har yau babu ƙamusun Hausa da ya kai shi tara tsofaffin kalmomi na noma da kiwo da saƙa da sarauta. Mai son ganin irin aikin ya buɗe kalmar "ƙato", ya ga dogon jerin kalmomi masu nuna girma da aka tattara a ƙarƙashinta. Bugu da ƙari, yakan nuna inda aka ji kalma, ko Sakkwato ko Katsina ko Gobir, abin da mai nazarin karin harshe ba zai raina ba.

Matsalar tana ga yadda ake amfani da shi. Sau da yawa a kundin digiri sai a ga an rubuta "Bargery ya ce", a kawo ma'ana, a wuce, kamar alƙali ya yanke hukunci. Alhali ƙamus shaida ne na wani zamani da wani wuri. Bargery ya yi aikinsa ne a ƙasar da Ingilishi ya mulka, saboda masu jin Ingilishi. Don haka ɗalibin da ke nazarin Hausar Maraɗi ko Damagaram kada ya nemi hukuncin kalmomin aro daga Faransanci a cikinsa. A Nijar "biro" ofis ne, a Kano kuwa alƙalami ne, kuma shi alƙalamin ma bai shigo kasuwa ba sai bayan an buga ƙamusun. Rashin samun kalma a ciki ba ya nufin ba Hausa ba ce. A nan ƙaramin ƙamusun Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini (1987) ya fi kusa da bakin mutanen Nijar.

Sai kuma tsawon wasali a ƙarshen kalma. Manazarta sun daɗe da nuna cewa ba a dogara da Bargery a nan, haka shi ma ƙamusun R. C. Abraham (1949, bugu na biyu 1962), duk da ya fi yalwar misalai cikin jimla. Wanda ya kwafi waɗannan alamomi ya gina bayanin tsarin sauti a kansu, kuskuren zai bi shi har babin ƙarshe. Ya kamata ya gwada da ƙamusun Paul Newman na 2007, sannan ya saurari masu magana.

Ƙamusun Jami'ar Bayero (2006) ya kawo abin da waɗancan ba su da shi, wato bayyana Hausa da Hausa. Amma shi ma ya fi karkata ga daidaitacciyar Hausa, saboda haka Ba'adare ko Bagobiri zai nemi wasu kalmomin gidansu ya rasa, wani lokaci ya koma ya same su a Bargery.