How It's Made: Shirin da Ba a Ƙoshi da Kallonsa

Jama'a, in ana maganar shirin talabijin da ke ɗaure mutum a kan kujera, ni ban ga na biyun How It's Made ba. Babu jarumi, babu soyayya, babu doke-doke. Inji ne kawai da hannun ma'aikaci da muryar mai bayani, amma wallahi sai abinci ya huce a gabanka ba ka sani ba!

A Kanada aka fara shi a 2001, ya ci gaba har 2019, zango 32, kashi 416. Kowane kashi rabin awa ne, galibi a kawo kaya huɗu, a bi kowanne tun yana ɗanye har ya shiga kwali.

Ku nemi na fensir ku sha mamaki. Da yawan mutane sun ɗauka huda itace ake yi a zura baƙin a ciki. Ina! Garin ma'adinin girafayit ake kwaɓawa da yumɓu da ruwa, a matso shi siriri kamar taliya, a busar, a gasa. Sai a kawo fallen katako, inji ya yi masa dogayen gurabe a jere, a shafa gam, a kwantar da baƙin, a kifa wani fallen a kai, a matse. In ya bushe a tsaga shi fensir-fensir, a yi fenti. Yawan yumɓun shi ke sa fensir tauri, rubutunsa ya yi haske, ƙarancinsa kuma ya sa shi laushi da baƙi wuluk. Asalin haruffan H da B da muke gani a jikinsa ke nan, kuma dabarar ta wani Bafaranshe ce, Nicolas-Jacques Conté, tun 1795. Duk wannan aiki a kan abin da yaro ke tauna gindinsa a aji!

To, ina kuma ga kwalba? Yashi da garin soda da farar ƙasa da fasassun kwalabe ake narkawa a wutar da ta kai kusan digiri 1,500. Narkakken ya zubo jawur, almakashin inji ya datse shi curi-curi, kowane curi ya faɗa cikin mazubi, iska ta hura shi, kafin ka ƙifta ido ga kwalba a tsaye tana rurin zafi. Daga nan a bar ta ta huce sannu a hankali, don in ta yi sanyi farat ɗaya tsagewa za ta yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne rashin hayaniyar masu shirin. Ba sa cika ka da surutu, ba sa mayar da shirin tallar kamfani. Inda inji ya fi ƙarfin ido, sai su rage gudun hoton har ka ga yadda kowane ƙarfe ke miƙa wa na gaba aiki. Ƙorafina ɗaya ne tak: 'yan mintocin da ake ba kowane kaya sun yi kaɗan, kana cikin jin daɗi sai a wuce.

Iyaye da malaman makaranta, don Allah ku nemo shi a YouTube ku zaunar da yara. Ko ba sa jin Turanci, hoton ya ishe su. Amma ku shirya, domin gobe za a tare ku da tambayar yadda ake yin ashana da cokali da zif ɗin wando!