Nakasasshe ko Mai Buƙata ta Musamman: Darasin Sifen ga Marubutanmu

A farkon 2024 majalisar Sifen ta gyara sashe na 49 na kundin tsarin mulkinta na 1978 saboda kalma ɗaya. Kalmar ita ce disminuidos, wato waɗanda aka rage, kamar kwanon da aka ɗebe wa hatsi. An maye gurbinta da personas con discapacidad, mutane masu nakasa. A Burazil ma dokar 2015 ta tsaya kan pessoa com deficiência a harshen Fotugis. Duka biyun mutum suka sa a gaba, lalurar ta biyo baya, amma ba su ɓoye ta ba.

Mu kuma fa? Kalmar nakasasshe tana da ciwon disminuido, domin ta mayar da mutum ɗungurungum abin da ya lalace. Don gudun wannan, gidajen rediyo da ofisoshi suka rungumi "masu buƙata ta musamman". Ladabi ne, amma ladabin da ke rufe ido. Makaho a Gantsa yana buƙatar rubutun da ake shafawa da yatsa, kurma na buƙatar mai fassara da hannu a asibiti, gurgu na buƙatar hanyar hawa ofis a Dutse. Idan aka zuba su a buhu ɗaya, babu wanda aka ji kukansa. Ko alawus ɗin Naira 7,000 da gwamnatin Jigawa ta fara biyan masu nakasa a zamanin Sule Lamido, ko dokar tarayya da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ba za su yi aiki ba sai an san wa ake nufi.

Laifin marubutanmu ya fi zurfi. A labarai da yawa makaho mabaraci ne a ƙofar masallaci, shanyewar jiki kuwa hukuncin muguwar kishiya ce a babin ƙarshe. Marubuci zai iya sauya kalma sau goma, amma in hoton bai sauya ba, ya yi aikin banza.

Alhali adabinmu yana da Aliyu Namangi na Zariya, makaho, mawallafin Imfiraji. Ba a tuna shi da tausayi, da basira ake tuna shi. Marubuci ya ba jaruminsa suna da sana'a da soyayya da fushi, sannan ya ce makaho ne, ba tare da kunya ba.