Ƙugu Kafin Ƙirji: Yadda Dattawan Fage Ke Gane Ɗan Kokawa Tun Yana Ɗanye

Masu horar da 'yan wasa na zamani, musamman waɗanda suka ɗan sha iskar birni, suna da wata magana da ba sa gajiya da ita: wai kokawar ƙauye ba ta da ma'auni. Ba sikeli, ba agogo, ba takarda. Dattijo zai zauna a kan buzunsa a bakin fage, ya dubi yaro sau biyu, ya ce wannan zai yi suna, wancan kuwa jiki ne kawai. A wajen masu sukar, wannan canka ce. In ta faɗa daidai a ce sa'a, in ta kuskure a ɗora wa laya. Maganar tana da daɗin faɗa a majalisa. Amma duk wanda ya saurari masu ido a kan kokawa a ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Watari, a ƙasar Bagwai, ya san hukuncinsu yana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ta fi ta masu sikelin tsauri.

Tarihin ba ya buƙatar dogon zance. Kokawa wasan kaka ce: hatsi ya shiga rumbu, samarin wannan gari su ɗauki makaɗansu su nufi wancan, a yi kirari, a kama, a watse. Dambe an fi danganta shi da mahauta, kokawa kuwa manoma suka riƙe ta. Nijar ta ɗauke ta daga dandali ta mai da ita wasan ƙasa a 1975, lokacin da aka yi gasar takobi ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya lashe. A yau jihohi takwas ne ke kawo 'yan kokawa goma-goma, kuma Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobin har sau shida. A Nijeriya an bar ta ga ƙauye, sai in gasa ta taso, irin ta ECOWAS da aka yi a Abuja a 2025, a shiga neman ƙarti a ɗora su a sikeli.

Masu sukar suna son kawo misalin Amurka, to bari a bi su can. A ƙwallon Amurkawa akwai ƙattan sahun gaba na ɓangaren tsaro, waɗanda aikinsu shi ne su ture ƙaton da ke gabansu su cim ma mai jefa ƙwallo kafin ya jefa. Kowace shekara ƙungiyoyi 32 na NFL suna zaɓen matasa daga jami'o'i a zagaye bakwai, kuma kafin zaɓen ana tara su a Indiyanafolis a auna komai: tsawo, nauyi, tsawon hannu, faɗin tafi, gudun yadi 40, da yawan ɗaga ƙarfe mai kilo 102 daga ƙirji. Da wuya a sami inda ake auna ɗan Adam haka don wasa a duniya.

Sakamakon fa? A 2008 Vernon Gholston na jami'ar jihar Ohayo ya ɗaga ƙarfen nan sau 37, New York Jets ta ɗauke shi a matsayi na 6, ya yi kaka uku bai kayar da mai jefa ƙwallo ko sau ɗaya ba. A 2014 Aaron Donald na jami'ar Pittsburgh, duk da ya yi abin a zo a gani a wajen awon, an yi ta ƙorafin ba shi da tsawo, mita 1.85 ne kawai, har aka zaɓi mutum 12 kafin Rams ta ɗauke shi. Sau uku ya zama gwarzon masu tsaro na shekara. Kafin su duka akwai Curley Culp, zakaran kokawar masu nauyi na jami'o'in Amurka a 1967, wanda ya zama ɗaya daga cikin fitattun da suka taɓa tsayawa a tsakiyar sahun. Shi ya sa masu farautar 'yan wasa a can, bayan sun gama awo, sukan koma su zauna da faifan wasa suna duba abin da dattijon Bagwai ke dubawa da ido tsirara, kuma sukan yi murna in sun ji yaro ya yi kokawa a sakandare.

Abin da ake dubawar yana faruwa ne kafin 'yan kallo su san an fara. Yara biyu sun sunkuya suna zagayen juna, makaɗi yana zuga, jama'a na kallon damtse da ƙirji. Mai ido yana kallon ƙasa. Farko, da me yaron ya sunkuya, da gwiwa ko da baya? Wanda ya lanƙwasa baya ya bar ƙafafu a miƙe ya riga ya miƙa kansa: nauyinsa ya zubo gaba, ja ɗaya za a yi masa ya dafa ƙasa. Wanda ya karya gwiwa, ya sauke ƙugu, bayansa a shimfiɗe, kansa a ɗage, shi ne zai iya turawa ya kuma iya ja da baya ba tare da ya sake tsayuwa ba. Na biyu, tazarar ƙafa. In ta yi kusa, taɗiya ta same shi. In ta yi faɗi da yawa, ba zai iya juyawa ba. Ana kuma lura ko yana harɗe ƙafa in yana zagaye, domin a daidai lokacin da ƙafa ɗaya ta haye ɗaya, ko yaro ƙarami ya ture shi.

Sai hannu. Nan ne kokawar take, kuma nan ne 'yan kallo suka fi gundura, suna ihun a kama mana. Wannan mare-maren hannu da ake yi, wannan ya kawo wancan ya kaɗe, faɗa ne a kan wa zai shigar da hannunsa ta ciki, ƙarƙashin hammata ko kan ƙugu. Wanda hannunsa ke ciki shi ke tuƙi. Wanda aka bar wa waje rungumar kafaɗa kawai ya samu, duk ƙarfinsa a sama yake tafiya. Da hannu ya shiga, ƙugu ya biyo shi ya kutsa ƙarƙashin na abokin karawa, ƙafafu su taho da gajeren taku, to ɗagawar ba aikin damtse ba ce kuma, miƙewa ce kawai. Gajeren da ya ɗaga dogo bai fi shi ƙarfi ba, riga shi shiga ƙasa ya yi. Abin da Donald ya yi shekara goma yana yi wa mutanen da suka fi shi tsawo da nauyi ke nan.

Dattawan ba sa tsayawa a nan. Sukan tambayi wa yaron ya kayar, domin kaye goma a kan 'yan unguwa bai kai tsayuwa ɗaya a gaban gwanin wani gari ba. Sukan jira su ga kamu na uku da na huɗu, lokacin da numfashi ya fara yankewa, ko ƙugun da ya sauka ɗazu ya fara tashi. Sukan fi son ganin ranar da aka kayar da shi fiye da ranar da ya yi kaye: ya dawo da dabarar da ta kashe shi jiya, ko ya gyara? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma su Larabar da aka sha ƙasa suke nema.

Zancen laya da guru ba abin ɓata lokaci ba ne. Kowa a fagen yana ɗaure da nasa, wanda ya kayar da wanda aka kayar, saboda haka ba su ne ke raba gardama ba. Sikeli kuwa yana da amfaninsa guda, ya hana a haɗa ɗan shekara goma sha biyar da ƙaton da zai karya shi. Bayan wannan ba ya faɗin komai, kuma gasar takobin Nijar ba ta raba 'yan kokawa da nauyi, ba ta kuma rasa 'yan kallo ba.

Abin da mai wannan nazari ya fi yarda da shi ya wuce fage. Tsayuwar nan ta ɗan kokawa a gona ake koyonta. Wanda ya taso yana huɗa da garmar hannu ya san in ya yi da baya ba zai kai azahar ba. Dole ya buɗe ƙafa, ya karya gwiwa, ya jawo ƙasa da ƙugu, ya taka gaba kaɗan-kaɗan. A ƙasa irin ta arewacin Kano, inda gona ke jingine da gona, ba saura, kowa na ganin aikin ɗan kowa. Gayya ita ce wajen awo na gaskiya: samari a jere kan kunya, gangar noma na tashi, dattawa a inuwa suna ganin wa ya fara da wuta ya mutu kafin rana ta take, wa ya riƙe taku ɗaya har yamma. Lokacin da yaro zai shiga fage da kaka, an riga an yi damina guda ana karanta shi. Kallo biyun da masu suka ke yi wa dariya, na ƙarshe ne a cikin ɗaruruwa.

Wannan makarantar ce ke raguwa. Garmar shanu da tarakta sun karɓi huɗa, maganin feshi ya rage noman ciyawa, gayya ta koma aikin kuɗi. Madatsar Watari, da aka gina a ƙarshen shekarun 1970, ta kawo arzikin noman rani, amma ta cinye hutun kaka: saurayin da a da zai bi makaɗa gari-gari, yanzu yana ban ruwan tumatir da albasa, ko yana loda kwanduna zuwa kasuwar Badume, in ma bai tafi cirani ba. Ƙarfi bai ƙare a ƙauyukan ba, masu ɗaukar buhun shinkafa suna nan. Hukumar wasanni da ke son 'yan kokawar da za su tsaya wa Nijar da Sanigal tana iya zuwa da sikelinta, amma ta fara neman tsofaffin gwanayen da suka rage a Bagwai da Bichi da Shanono, ta ba su kujera a wajen tantancewa, ta kuma sa ranar gasa a tsakanin girbi da dashen rani.