Asalin Mario da Mutum-mutuminsa

Cikin taurarin wasannin bidiyo da wuya a sami wanda ya kai Mario suna. Amma masu yabon surarsa sukan manta da abu guda, watau ba ƙawa ce ta haife ta ba, rashi ne.

A shekarar 1981 kamfanin Nintendo na birnin Kiyoto a ƙasar Japan ya fitar da wasan Donkey Kong, wanda Shigeru Miyamoto ya tsara. Da fari niyyarsa ita ce ya gina wasan a kan Popeye, matuƙin jirgin ruwan nan na zane-zanen Amurka, sai izni bai samu ba. Da ya ke rashin uwa akan yi uwar ɗaki, sai ya ƙago wani kafinta mai tsallake ganguna don ya ceci budurwa daga hannun goggon biri. Jumpman aka fara kiransa, watau mai tsalle. Daga baya aka raɗa masa Mario, kuma a wasan Mario Bros. na 1983 ya koma mai gyaran famfo.

Na'urorin wancan zamani kuwa 'yan ɗige-ɗige kaɗan su ke iya ba mai zane. Gashi yana da wuyar motsawa, sai aka rufe shi da hula hana-salla. Baki ba ya fita sosai, sai aka sa gashin baki. Wando mai igiya a kafaɗa kuma an ba shi launi dabam da na riga domin a ga hannuwa suna kai da kawowa in yana gudu. Ashe kowace alama tasa maganin wata matsala ce, kuma yawancinsu motsi su ke yi wa hidima.

To, a nan ne za a auna mutum-mutuminsa. A 2014 Nintendo ya fitar da Amiibo, ɗan mutum-mutumin roba mai wata na'ura a gindinsa wadda ke magana da injin wasa. Maƙerin roba ba abin da ya hana shi yin gashi ko leɓe, duk da haka bai taɓa hular ba, bai aske gashin bakin ba. Abin da larura ta kawo ya zama gado. Wannan riƙon amana abin yabo ne, sai dai Marion yana kafe ne a kan dandamali, ba ya ko lanƙwasa gwiwa. Wanda kamfanin Bandai ya yi a shekarar 2014, mai gaɓoɓi masu juyawa, shi ya fi kusa da asali. Sa'an nan masu tarawa da yawa ba su ko buɗe kwalin, don kada darajarsa ta faɗi.

Malamin da ke koya wa ɗalibai nazarin fasaha ya kamata ya nuna musu su fara tambayar aikin da siffa ke yi kafin su yaba kyanta. In an bi wannan ma'auni, mutum-mutumin ya adana kamannin Mario sarai, amma tsallen da aka zana kamannin dominsa yana can cikin wasan.