Ginin Taya da Hannu: Daga Masana'antun Yaƙi zuwa Rumfar Mai Faci

Tayar mota ba dunƙulen roba ba ce da aka zuba a mazubi. Gini ce hawa-hawa. A ciki akwai shimfiɗu na zare mai ƙarfi da aka lulluɓe da roba, a bakinta biyu akwai zoben waya da ke riƙe wili, sannan a waje akwai kauri mai zane wanda ke taka ƙasa. Zaren ne ke ɗaukar nauyi tare da iskar da ke ciki. Robar aikinta ta haɗa shimfiɗun, ta tsare su daga ruwa da tsakuwa. Wanda ya fahimci wannan tsari zai gane aikin masu ginin taya na shekarun 1940, zai kuma gane aikin mai faci da mai yanka takalmin taya a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, domin sana'o'in uku a kan abu ɗaya suke.

Ɗanyar roba ba ta da amana. Da zafi takan yi laushi ta yi danƙo, da sanyi takan sandare. A 1839 Charles Goodyear na Amurka ya gano cewa idan aka cuɗa ta da farar wuta aka gasa, sai ta riƙe siffarta a zafi da sanyi. Wannan gashin shi ne tushen sana'ar baki ɗaya, kuma ba ya komawa baya: robar da ta gasu ba ta sake narkewa ta haɗe da wata sai da dabara. A 1888 John Boyd Dunlop ya fito da taya mai iska a Belfast, aka fara da keke, motoci suka biyo baya.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, kusan kashi 90 cikin ɗari na robar da Amurka ke saye daga Kudu maso Gabashin Asiya take zuwa, musamman Malaya da tsibiran da yanzu ake kira Indonesiya. Japan ta mamaye yankin, Singafo ta faɗi a watan Fabrairun 1942, ƙofa ta rufe. Sojoji kuwa a kan taya suke tafiya: lori, jif, igwa, jirgin sama. Gwamnatin Amurka ta hana sayar da sabuwar taya ga kowa sai da izini, ta sa jama'a tara tsohuwar roba a watan Yunin 1942, ta ƙayyade gudu a mil 35 cikin awa, daga baya ta fara rabon fetur da kati. Ba ƙarancin mai ne ya fi damunta ba. So take tayoyin da ke kan hanya su daɗe. Abin da ya rage na robar itace yana zuwa ne daga Silon, da gonar kamfanin Firestone a Laberiya wadda aka fara a 1926, da dazukan Birazil da Afirka.

A wancan lokacin, a birnin Akron na jihar Ohio, inda Goodyear da Firestone da Goodrich ke da manyan masana'antu, injuna ne ke cuɗa roba da baƙin garin hayaƙi mai ƙara mata ƙarfi, su ne kuma ke matse ta a jikin zare. Amma haɗa tayar kanta aikin mutum ɗaya ne a tsaye gaban wata gangar ƙarfe mai juyawa, wadda yake sarrafawa da ƙafa. Ana kawo masa shimfiɗun zaren an yanka su a karkace. Sai ya naɗa ta farko a jikin gangar, ya haɗa bakinta da yatsunsa, ya ɗora ta biyu yadda zarenta zai gitta na farko. Haka zai yi ta yi, hagu da dama, shimfiɗa 4 ga ƙaramar mota, 10 ko 12 ko fiye ga babbar lori. Bayan kowace shimfiɗa sai ya bi ta da ɗan abin murza na ƙarfe, daga tsakiya zuwa gefe, yana korar iska. Idan ya ga kumburi sai ya soke shi da tsinken ƙarfe. Sannan ya sa zoben waya a gefe biyu, ya naɗe bakin shimfiɗun a kansu, ya kawo robar gefe da kaurin da zai taka ƙasa, ya goge mahaɗa da man da ke tayar da danƙon roba, ya danne.

Abin da ke fitowa daga gangar bai yi kama da taya ba. Ya fi kama da ganga marar marfi, mai santsi, ba zane. Sai an cusa masa jakar roba a ciki, an rufe shi a mazubin ƙarfe, an hura masa tururi ko ruwan zafi, sannan ya buɗe ya cika mazubin, zanen ya fito, robar ta gasu. Babbar taya kan ɗauki sa'o'i a wuta. A nan ne sakacin magini yake ɓuya. Ƙura kaɗan, ko gumin hannu, ko iska da ta maƙale tsakanin shimfiɗa biyu, ba mai ganinsu bayan gashi, sai ranar da lorin ya ɗauki kaya ya yi zafi, tayar ta sāɓule daga ciki. Aikin na masu ƙarfi ne, shi ya sa kafin yaƙi maza suka riƙe shi. Da aka kwashe maza zuwa fagen daga, mata da yawa suka shiga masana'antun roba.

Robar haɗi ta ƙara wahalar aikin, wato wadda aka haɗa daga sinadaran man fetur da barasa. Jamus tana da tata mai suna Buna, kuma ɗaya daga masana'antunta an gina ta ne da aikin tilas na fursunonin Auschwitz. Amurka ta kafa nata shirin cikin gaggawa, har ta wuce tan 700,000 a shekara kafin ƙarshen yaƙin. Sai dai wannan roba ba ta da danƙon robar itace. Shimfiɗa ba ta kama 'yar'uwarta da kanta, dole magini ya riƙa shafa gam na robar itace tsakaninsu. Tana kuma tara zafi a manyan tayoyi, don haka aka ci gaba da ware ɗan abin da ake da shi na robar itace ga tayoyin lori da na jirgi, aka kuma maye zaren auduga da na reyon mai jure zafi.

Nijeriya ta ji wannan rashi ta fuska biyu. Ingila ta rasa roba da kuza a Malaya lokaci guda, sai ta juyo kan ƙasashen da take mulka. An matsa wa jama'a su tatso roba a gonakin Benin da Sapele da kuma itatuwan daji, an kuma kwashi dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas na haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944. Arewa ba baƙuwar ƙaron itace ba ce. Tun farkon ƙarni ana tatsar gamji ana sayar wa kamfanonin Turawa, ko da yake abin da yake bayarwa bai kai robar gona inganci ba. Ta ɗaya fuskar kuma, sabuwar taya da kayan gyara sun yi wuya, hukuma ta sa hannu a kan zirga-zirgar lori, alhali ana neman gyaɗa fiye da kullum. Ƙauran Namoda ita ce ƙarshen layin dogon da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, wanda ya iso garin a 1929. Gyaɗa da fatun ƙasar Zurmi da Moriki da Shinkafi da Isa a tasharta suke haɗuwa, kuma a irin wannan yanayi jaki da raƙumi su ne abin dogaro. Mai lori da ke da taya huɗu masu rai ba ya yar da ko ɗaya sai ta ƙi gyaruwa sam.

Wannan ɗabi'a ta ƙin yar da taya ita ce uwar sana'ar faci, kuma yankin ya ba ta abinci. Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ta Moriki, da ta Zurmi zuwa Jibiya ta Gurbin Ɓaure, hanyoyi ne na kaya masu nauyi da zafin rana da ƙaya da ramuka. Ranar Alhamis ta kasuwar Shinkafi, motocin hatsi da na dabbobi kan cika gari, kowace da lodin da ya wuce ƙa'idarta. Kayan aikin mai faci ba su da yawa: injin iska ko famfo, ƙarafan ɓanɓare taya daga wili, guduma, baho na ruwa, sholisho, guntayen tsohon tiyub, ɗanyar roba, da matsi na ƙarfe.

Faci iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne bambancin liƙi da gini. A facin sanyi, ana hura tiyub a tsoma a ruwa a ga inda kumfa ke tashi, a busar, a kankare wurin har ya yi kaushi, a shafa sholisho, a jira ya sha iska, a manna, a bubbuga. Yaron shago kan yi garajen mannawa tun gam na jiƙe, shi ya sa facinsa ke tashi kafin babur ya kai Kasuwar Daji. Facin wuta kuwa gashi ne na gaske. Ana ɗora ɗanyar roba a kan hujin, a rufe da takarda, a danne da matsi, a ɗora tsohon fistin na injin mota a kai, a zuba masa kananzir a kunna. Zafin da ke ratsa ƙarfen ya gasa sabuwar robar har ta zama jiki ɗaya da tsohuwar. Sharuɗɗa uku na masana'antar Akron duk suna nan: wuri mai tsabta, matsi, da zafi gwargwado. Abin da babu shi ne agogo da ma'aunin zafi. Gwani yana auna wuta da yawan man da ya zuba da kuma warin da ke tashi. In ta yi kaɗan faci ya zauna ɗanye, in ta yi yawa tiyub ya ƙone ya yi tauri. A wannan gaɓar aikinsa ya fi na maginin masana'anta neman basira, domin shi kaɗai ne mai haɗawa da mai gasawa da mai duba aiki.

Idan ɓarnar ta kai jikin tayar, wato zaren ya tsinke, sai a yanko wani yanki daga matacciyar taya a shimfiɗa daga ciki, wani lokaci har da ɗinki ko ƙusoshin noti. Wannan yana kai amalanken shanu ko kurar ruwa gida lafiya. A motar haya mai gudu ganganci ne, don facin roba ba ya mayar da zaren da ya tsinke, kuma zaren ne ke riƙe da nauyin.

Tayar da ta gama aiki a hanya takan koma hannun masu yanka, waɗanda sana'arsu ta ɗauko wuƙa da basilla da salon yanka daga dukanci. Su suna warware ginin ne daga waje zuwa ciki. Sukan cire zoben waya, su ɓare kaurin daga shimfiɗun, suna tsoma wuƙa a ruwa don ta ratsa. Daga nan ake samun takalmin taya na makiyaya da manoma, wanda ƙaya ba ta hudawa, da akushin ban ruwan dabbobi. Tiyub ɗin lori ya zama guga, ya karɓe gurbin wasakin fata a bakin rijiyoyi da yawa. Abin da ya saura a tsaga shi siriri-siriri don ɗaure kaya a bayan babur. Tsohuwar taya mai zaren da ya gitta ita ce abin so a wannan aiki, saboda wuƙa na bin shimfiɗunta.

Sauyin ƙirar taya ya taɓa sana'o'in uku. A 1946 kamfanin Michelin na Faransa ya yi rajistar taya mai zare a miƙe daga baki zuwa baki, da ɗamarar waya a ƙarƙashin zane. Ta fi daɗewa, ta fi rage shan mai, amma haɗa ta na buƙatar daidaiton da hannu kaɗai ba ya bayarwa, don haka injuna suka karɓe yawancin aikin magini. Ga mai yanka takalmi, wayar na cinye wuƙa tana yankar hannu, sai ya koma ga gefen tayar ko ya nemi tayoyin lori da tarakta na tsohon salo. Taya marar tiyub kuma ta rage aikin fistin da wuta a ƙananan motoci: yanzu igiyar roba ake cusawa a hujin ba tare da an cire wili ba. Babura da kekuna da kura su suka riƙe facin tiyub, shi ya sa duk dokar da ta taƙaita hawan babur ko ta rufe kasuwannin mako, kamar yadda aka yi a Zamfara a 2021 saboda matsalar 'yan bindiga, takan bugi rumfar mai faci kai tsaye.

Nijeriya ta taɓa gina tayarta. Dunlop na da masana'anta a Ikeja, Michelin a Fatakwal, duka tun shekarun 1960. Michelin ya rufe a 2007, Dunlop ya daina ƙira a 2008, kuma tsadar wutar lantarki da gasar kayan waje na cikin dalilan. Tun daga nan tayar da ake gani a tashoshin Ƙaura da Zurmi ko dai sabuwa ce daga Asiya, ko 'yar gwanjo daga Turai, duk da cewa gwanjon taya na cikin kayan da kwastan ta hana shigowa da su. Wannan ya ɗora wa mai faci wani aikin, na duba taya kafin direba ya biya. Yakan lura da tsagewa a gefe, ya shafa ciki ya ji ko akwai tsohon faci ko kumburi, ya kuma karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke jikinta: biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara. Taya mai lamba 2318 an gasa ta a mako na 23 na 2018, kuma robarta na ci gaba da bushewa tun daga ranar, ko da zanenta bai taɓa kwalta ba.