Jinjina ga Masu Tsara Barga

Ranar hawan Sallah kowa idonsa na kan mahayi da rawaninsa, ba mai tambayar inda dokin ya kwana. Alhali a ƙauyuka irin Lajawa ta ƙasar Wudil, lafiyar doki tana farawa tun ranar da aka zaɓi inda za a kafa masa turke.

Gwanin wannan aiki ba ya gaggawa. Zai duba tudu, don ruwan damina ya gangare, domin kofaton da ya daɗe cikin laka ruɓewa yake yi. Zai ɗaga rumfar yadda doki ko ya yi tsalle ba zai bugi kansa ba, ya kare gabas da zana saboda hunturu da iskar hadari, ya bar wani gefen a buɗe don iska ta riƙa ratsawa. Ƙasa kuwa a zuba rairayi, a riƙa kwashe jiƙaƙƙen ana sake sabo. Ingarma biyu ba a kusanta turakansu, wanda ya taɓa raba faɗansu ya san dalili. Harawa a ɗora ta sama, nesa da raɓa da awaki. Dusa da kanwa kuma su ma da wurinsu. Ko kashin dokin ba ya tashi a banza, gona na jiransa.

Ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa a fadar Kano har sarautar Shamaki aka ɗora wa kula da dawakin sarki. A 2024 UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake alfahari da su. A ganina, masu tsara barga da yaran da ke share ta da asuba suna da babban kaso a wannan yabo, Allah ya saka musu da alheri.