Ƙananan Tukwanen Ushafa da Darasin 'Yar Tsana

Ushafa, ƙauyen Gbagyi da ke yankin Bwari a Abuja, ya yi suna da ginin tukwane. Shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida ne ya kafa cibiyar ginin tukwane a garin, kuma a watan Agustan 2000 shugaban Amurka Bill Clinton ya kai masa ziyara. Baƙo yakan tsaya kan randa da tulu, amma asalin sana'ar yana hannun yarinyar da ke zaune kusa da uwarta, tana murza ragowar yumɓu ta gina wa 'yar tsanarta tukunya da kasko.

Wannan wasa makaranta ce. A cikinsa yarinya take gane yumɓun da ya sha ruwa da wanda zai tsage, ta koyi ɗora murji kan murji, ta iya goge jikin tukunya da tsakuwa har ya yi santsi. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira 20, a gida ta koyi gini tun tana yarinya, kafin ta shiga cibiyar Michael Cardew da ke Suleja ta yanzu a 1954.

A Turai da Amurka irin wannan ƙaramin gini ya zama sana'ar manya. Suna amfani da yumɓun roba irin su Fimo na Jamus da Sculpey na Amurka, wanda yake zuwa da launinsa, kuma yakan gasu a tandar kicin da zafin da bai wuce digiri 130 ba. Ƙa'idarsu ita ce inci ɗaya ya tsaya a madadin inci 12, don haka karas ko kabejin gidan 'yar tsana sai ya zauna a kan farce. Gwaninta a nan ta ido ce: sai ka ƙare wa albasa kallo kafin ka iya fitar da ɓawonta.

Yumɓun ƙasa ya fi wuyar sha'ani. Yana ƙanƙancewa idan ya bushe, siririn abu kamar hancin kuɓewa yakan karye, launi kuma sai bayan gashi. Duk da haka yana da abin da roba ba ta da shi: ana haƙo shi a gida, ba a jiran ɗan kasuwa ya shigo da shi da dala, kuma idan ya fashe ƙasa yake komawa.

Abin da ya kamata maginan Ushafa su ɗauka daga waje shi ne tsare ma'auni da daraja ƙaramin aiki. Faifan gauta da tattasai, kwandon doya, murhu mai duwatsu uku, duk za su iya fitowa daga hannunsu su shiga makarantu da shagunan tsaraba. Yaran Abuja suna girma da kayan wasan roba da ke nuna musu kicin ɗin wasu ƙasashe, alhali masu iya gina musu irin na kakanninsu suna nan kusa da su.